Fuka da Hawan Keke a Ɗarin Arlit

Tambaya: A Akokan nake zaune. Tun da aka rufe kamfanin haƙar ma'adinai na COMINAK a 2021 nake hawa keke bayan sallar asuba in tafi neman abinci cikin Arlit. Ina da ciwon fuka, kuma da ɗari ya kama sai ƙirjina ya riƙa ɗaurewa yana fito. Mutanen gida sun ce in jingine keken sai bazara. Mene ne shawararku?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka jingine keken.

Sanyi ake ɗora wa laifi, alhali bushewar iska ce ta fi ta'adi. Hanci shi ke ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta kai huhu. Da ka ƙara wuta a kan keke sai ka koma numfashi da baki, busasshiyar iskar Disamba da Janairu ta shiga kai tsaye, ga ƙura a cikinta. Hanyoyin numfashi su bushe, su tsuke. Sau da yawa abin ya fi tsananta minti 5 zuwa 15 bayan an sauka, shi ya sa wasu ba sa zargin keken.

Rabin maganin yana kan Buzayen garinku: rawani da amawali. Rufe hanci da baki, ɗumin numfashinka zai jiƙa iskar da kake ja. Ka fara tuƙi a hankali na minti 10 zuwa 15. In da hali, ka bari rana ta ɗan ɗaga. Ranar da hazo ya rufe gari kuwa, a shiga mota.

Idan likita ya rubuta maka abin shaƙa na Ventoline, shaƙa biyu minti 15 kafin ka hau, kuma ta kasance a aljihunka kullum. Sai dai a nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Ventoline buɗe hanya kawai take yi, ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Wanda fuka ke tayar masa fiye da sau biyu a mako, ko take tashinsa cikin dare, yana bukatar abin shaƙa na rigakafi irin beclometasone, kuma likita ne zai tsara masa. Kaskon gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki ma ka fitar da shi waje.

In ka shaƙa magani ba sauƙi, ko ka kasa ƙarasa magana saboda haki, a kai ka asibiti nan take, ba a kan keke ba. Kuma idan ka taɓa aiki cikin ramin ma'adini, ko kana tarin da ya wuce mako biyu da rama ko jini, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji a gwada majina, domin ƙurar dutse da tarin tibi sukan ɓuya a bayan sunan fuka.