Darasi Na Bakwai: Bambancin Launin Wardin Daji Aya Ce Ga Mai Hankali

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, muna salati ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa matasa, a Ingila da wasu ƙasashen Turai manoma sukan kewaye gonaki da shingen itatuwa masu rai, kamar yadda ake yi da aguwa a wurinmu. A cikin shingen nan wani wardin daji mai ƙaya yakan fito da kansa, masana tsirrai suna ce masa Rosa canina. Yana fure a watan Yuni da Yuli, kowane fure da kunnuwa 5. To, a shinge ɗaya sai ka ga wannan tushe furensa fari fat, na kusa da shi ruwan hoda, na gaba kuwa ya doshi ja. Me ya kawo haka?

Masana sun gano sabubba. Na farko, akwai wani sinadarin rini a cikin furen mai suna antosayanin. In ya yi yawa launi ya yi kauri, in ya yi kaɗan fure ya yi fari. Na biyu, fure yakan koɗe bayan ya buɗe, shi ya sa na yau ya fi na shekaranjiya ja. Na uku, ƙudan zuma suna kai garin fure daga wani irin wardi zuwa wani, sai a sami gauraye. Na huɗu shi ne gado. Yawancin wardin nan yana da sandunan gado 35 a cikin ƙwayar halittarsa, amma 28 daga uwa suke zuwa, 7 kacal daga uba. Don haka 'ya'yan sukan fi ɗebo kamannin uwa.

A nan ne mutane biyu suka ɓata. Ɗaya ya je makaranta ya ji waɗannan sabubba, sai ya ce ai ɗabi'a ce ta yi, ya mance da Mahalicci. Mu tambaye shi: wa ya ƙaddara 28 da 7? Sababi ba ya halittar kansa. Ɗayan kuma ya ce binciken irin wannan abu shisshigi ne, ya zauna cikin jahilci da camfe-camfe yana ganin tsoron Allah ke nan.

Ku buɗe Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28. Allah Ya ambaci bambancin launin 'ya'yan itatuwa, da duwatsu, da mutane, da dabbobi, sannan nan take Ya jingina tsoronSa na gaskiya ga ma'abota ilmi. Ashe duba launin halitta da neman sanin sababinsa hanya ce ta ƙara imani.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe karatun kimiyyarka da kyau, ka riƙe Tauhidi fiye da haka. In malami ya bayyana maka sababi, karɓi, ka ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya sababin. Kuma ka tuna, Wanda Ya bambanta launin fure Shi Ya bambanta launin mutane, don haka kada ka raina kowa saboda fatarsa ko ƙabilarsa.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya tabbatar da mu a kan Sunna. Amin.