Yadda Ake Daidaita Tuƙin Jirgin Fasinja na Kwamfuta Ya Yi Kama da na Gaske

Mutum zai sayi jirgin fasinja na kwamfuta mai tsada, ya ɗora shi a kan manhajarsa, ya gyara zama da murna. Da ya taɓa sandar tuƙi sai jirgi ya zabura, hanci ya yi sama ya dawo ƙasa, sauka kuma ta koma faɗuwa. Daga nan sai a hau zagin kamfanin da ya haɗa jirgin. Sau da yawa laifin ba na kamfanin ba ne. Sandar da ke kan teburinka gajera ce, sifirin ɗinta ba ƙarfi, motsinta ’yan santimita ne, ga shi ana so ta juya jirgi irin Boeing 737-800 wanda nauyinsa ke kai wa tan 79 idan an cika shi. Aikinka biyu ne: ka sa sandar ta isar da saƙon hannunka ba ƙari ba ragi, sannan ka koya wa hannun haƙuri. Bi matakan nan a jere.

Abin da za ka tanada

- Manhaja: Microsoft Flight Simulator, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa, aka fitar a 2020, ko X-Plane 12 ta kamfanin Laminar Research.
- Jirgi guda ɗaya da za ka lizimta. A ɓangaren Boeing akwai 737 na PMDG, da na Zibo wanda kyauta ne a X-Plane. A ɓangaren Airbus akwai A320 na Fenix, da A32NX na FlyByWire wanda shi ma kyauta ne.
- Sandar tuƙi ko sitiyari, da totur, da feda in da hali.
- Takarda da biro, don rubuta duk abin da ka canza.

Mataki na 1: San irin jirgin da ke hannunka

Nan ne da yawa suke ɓata tun ba a je ko’ina ba, domin Airbus da Boeing 737 ba yare ɗaya suke ji ba.

A cikin A320, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1988, sandar ba ta haɗe da fukafukai kai tsaye. Saƙo take aika wa kwamfutocin jirgi, su kuma su motsa abin da ya kamata. In ka tura ta gefe, cewa kake yi jirgi ya karkata da sauri kaza, iyakarsa digiri 15 a sakan. In ka sake ta, sai ya tsaya a inda ka bar shi, muddin karkatar ba ta wuce digiri 33 ba. Shi ke yi wa kansa tirim, wato daidaita wutsiya don kada matuƙi ya yi ta riƙe hanci da ƙarfi. Saboda haka tuƙinsa taɓa-ka-saki ne.

Shi kuwa 737, wayoyin ƙarfe ne suka taso daga sitiyari, ƙarfin haidirolik yana taimaka musu. Gudu ya canza, kai za ka yi tirim. Ka ƙara totur, hanci zai nemi sama, domin injunan a ƙarƙashin fukafukai suke. Ka rage, ya sunkuya. Hannunka ba ya hutawa sai ka daidaita shi.

Don haka ka buɗe wa kowane jirgi nasa tsarin maɓallai, ka sa masa suna. Kada ka haɗa musu guda.

Mataki na 2: Duba na’urar kafin ka buɗe manhaja

A Windows, rubuta joy.cpl a wurin bincike, ka zaɓi na’urarka. Sake sandar ka zuba wa alamar ido. Tana zaune a tsakiya, ko tana rawa? Sannan kai ta ƙarshen kowane ɓangare a hankali, ka tabbata alamar ta kai bango ba tare da tsalle ba. Sanduna masu aiki da maganaɗisu, irin Thrustmaster T.16000M, ba su cika rawa ba. Masu araha kuwa sukan fara karkarwa idan sun kwana biyu. Rubuta yawan rawar da ka gani, za ka buƙace shi a mataki na 4. Ka kuma ɗaure na’urar a tebur da kyau, domin sandar da ke zamewa ba ta daidaituwa.

Mataki na 3: Kashe masu taya ka tuƙi

Manhajojin nan suna zuwa da taimako iri-iri don sabon shiga: mai taka maka feda, mai yi maka tirim, mai gyara maka tashi da sauka. Kashe su duka. Jirgin da ka ɗora yana da nasa kwamfutocin, in aka bar taimakon manhaja a kunne sai su yi ta ja-in-ja, kai kuma ka rasa wanda ke tuƙin. A X-Plane, mayar da ma’aunin da ke ƙara wa jirgi natsuwa zuwa sifili. A manhajar Microsoft ta 2020, tabbata kana kan tsarin lissafin tashi na zamani, ba na da ba.

Sai ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, a ɗora aiki ɗaya a kan na’urori biyu, misali murɗa sanda da taka feda duk suna juya hanci. Na biyu, a ɗora sanda a kan umarni irin na maɓalli, mai kunna-kashe, maimakon umarnin da ke bin motsi daki-daki. Wannan shi ke sa jirgi fizga.

Mataki na 4: Daidaita saurin amsawa

A shafin daidaita sanda za ka ga layi a cikin zane. In layin miƙaƙƙe ne, rabin motsin sanda na nufin rabin umarni. In ka lanƙwasa shi, tsakiya za ta yi laushi, amma abin da ka rage a tsakiya yana nan yana jiranka a ƙarshe. Shi ya sa mai lanƙwasa layi da yawa zai ja sanda wajen sauka ya ji shiru, ya ƙara ja kaɗan, sai hanci ya yi tsalle.

Ga inda za ka fara:

1. Mataccen wuri na tsakiya, wato inda motsin sanda ba ya aika saƙo: kashi 2 zuwa 5 cikin 100, daidai abin da zai haɗiye rawar da ka gani, kada ka wuce.
2. Airbus: bar layin a miƙe. Kwamfutocin jirgin sun riga sun tace saƙonka, kada ka tace sau biyu.
3. 737 da gajerar sanda: rage saurin amsawa da kashi 20 zuwa 30 a motsin hanci, ƙasa da haka a motsin gefe.
4. 737 da sitiyari mai dogon juyi, irin Honeycomb Alpha da ke juyawa digiri 180: miƙaƙƙen layi ko kusa da shi.
5. Kada ka yanke ƙarshen layin, kuma kada ka sa wa saƙo jinkiri don jirgi ya yi nauyi. Nauyin bogi ne, kuma ranar iska mai ƙarfi za ka nemi cikakken motsi ka rasa.

Ƙa’ida ɗaya: canza abu guda, gwada, rubuta. Wanda ya taɓa abu uku a lokaci ɗaya ba zai san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba.

Mataki na 5: Totur da feda

Totur ɗin A320 yana da matsayai: IDLE, CL, FLX/MCT da TOGA. Bayan tashi ana dawo da shi CL a bar shi nan, kwamfuta ta riƙa sarrafa ƙarfin inji har zuwa sauka. In na’urarka ba ta faɗa daidai kan waɗannan matsayai ba, jirgi zai yi ta ƙorafi ko ya ƙi riƙe gudu. A32NX yana da shafin daidaita totur a allon flyPad da ke gefen matuƙi, yi amfani da shi.

A ƙasa kuma, feda kaɗan take juya tayar gaba: wajen digiri 7 a 737, digiri 6 a A320. Kwana mai tsanani da ƙaramin sitiyarin gefe ake yin ta, wanda ke kai tayar har digiri 78 a 737, da 75 a A320. In kana da abin murɗawa da ba ya aiki, ɗora masa wannan. Tafiya a miƙaƙƙen layi kada ta wuce not 30, a kwana kuma not 10. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa.

Mataki na 6: Yi lodi yadda ya kamata

737-800 ba kaya ba mai tan 41 da ɗoriya ne, kusan rabin nauyinsa idan ya cika. Wanda ya tashi da shi fayau, da ɗan mai kaɗan, dole ya ji shi kamar takarda. Bambancin kamar na tirela ce da lodi da kuma ba lodi: sitiyari ɗaya, tuƙi daban. Shirya tafiyarka a shafin SimBrief, wanda kyauta ne, ka ɗauki yawan fasinja da kaya da mai, ka shigar ta allon jirgin. Kwamfutar jirgi za ta ba ka gudun tashi, a 737 har da lambar tirim. Juya tirim ɗin zuwa wannan lamba, ka tabbata yana cikin koren zane. Yawancin masu kukan jirgi ya ƙi ɗaga hanci, ko ya ɗaga da kansa, nan suka yi sakaci. Wajen sauka kuma, 737-800 bai kamata ya wuce tan 66 da ’yan kai ba.

Mataki na 7: Gwada a sama

Zaɓi sararin sama garau, ba iska. Hau ƙafa 10,000, gudu not 250, ka kashe matuƙi mai sarrafa kansa.

In Airbus ne, karkata digiri 25 ka saki sanda. Ya kamata ya zauna a haka ba tare da hanci ya faɗi ba. Kai shi digiri 45 ka saki, ya kamata ya dawo 33 da kansa. Danne sandar gefe gaba ɗaya, kada ya wuce 67. In ka saki amma yana ci gaba da mirginawa, sandarka ba ta komawa tsakiya, koma mataki na 2.

In 737 ne, karkata digiri 30, za ka ga sai ka ɗan ja sitiyari kafin ya riƙe tsayinsa. Haka na gasken yake. Sannan rage gudu zuwa not 210. Riƙe hanci da sitiyari tukuna, ka riƙa danna tirim kaɗan-kaɗan kana sassauta hannu, har sitiyari ya koma tsakiya jirgi bai motsa ba. Kada ka tuƙa da tirim, aikinsa cire nauyi daga hannu ne kawai. In kuma ka ga ƙafar tirim tana juyawa da kanta jim kaɗan bayan tashi, ba lalacewa ba ce, tsarin jirgin ne.

Mataki na 8: Tashi da sauka, a maimaita

Zaɓi fili mai dogon titi ka lizimce shi. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana cikin manhajojin nan, babban titinsa ya kai mita 3,300. Fara da yanayi mai sanyi, daga baya ka sa zafin digiri 40 irin na bazara ka ga yadda jirgi ke cin titi kafin ya ɗaga.

Wajen tashi, kai inji kashi 40 a 737 ko 50 a A320, jira duka biyun su daidaita, sannan ka ba da wuta. A A320 tura sanda gaba rabi har not 80, ka sassauta ta koma tsakiya a not 100. Gudun ɗagawa ya yi, ja a hankali, digiri 2 zuwa 3 a sakan. Ƙirga a bakinka: daga ƙasa zuwa digiri 15 sakan biyar ne zuwa bakwai. Gaggawa ke sa wutsiya ta daki titi, kuma a 737-800 wajen digiri 11 kawai ake buƙata.

Wajen sauka, gangaren digiri 3 ake bi. Ninka gudunka sau biyar: not 140 na nufin saukowa ƙafa 700 a minti. Fitilun gefen titi su nuna biyu ja, biyu fari. In ka kai ƙafa 1,000 gudu ko layi bai zauna ba, fasa ka sake zagayowa, haka matuƙan gaske ke yi. A 737, wajen ƙafa 20 ɗaga hanci digiri 2 zuwa 3, ka janye totur sannu a hankali. A A320, daga ƙafa 30 jirgin da kansa ke fara sunkuyar da hanci don ya sa ka ja sanda, a ƙafa 20 kuma murya za ta tuna maka ka rufe totur. Kada ka yi ta shawagi a kan titi kana neman saukar da ba a ji ba. Tayoyi su taɓa ƙasa kusa da manyan fararen alamu, kimanin mita 300 daga bakin titi, a kan layin tsakiya. Wannan ita ce sauka mai kyau.

In har yanzu da saura

- Hanci na lilo sama da ƙasa: hannunka ne ke bin jirgi da gyara. Yi ƙaramin motsi, jira sakan biyu ka ga sakamako.
- Matuƙi mai sarrafa kansa na kashe kansa: sanda na rawa, ƙara mataccen wuri kaɗan.
- Jirgi na ja gefe a titi: duba birkin feda, sau da yawa a juye aka ɗora shi.
- Amsa na zuwa a makare: rage ƙawar hoto har ka sami hotuna 30 a sakan ba yankewa. X-Plane yakan rage tafiyar lokaci idan suka gaza 20.

Akwai abin da tebur ba zai ba ka ba. A 737 na gaske sitiyari yana ƙara tauri idan gudu ya ƙaru, jikin matuƙi kuma yana jin kowace karkata. Sifirin ɗin sandarka ƙarfinsa ɗaya ne ko a wane gudu, don haka idonka ne zai yi aikin da jiki ke yi, ta hanyar duba agogunan jirgi. Da zarar jirginka ya ci gwajin mataki na 7, rufe shafin daidaitawa ka bar shi haka na tsawon makonni. Hannu ba ya sabawa da abin da ake canza masa kullum, kuma abin da ya rage daga nan atisaye ne.