Aikin Jami'a a Bakin Iyaka

Jama'a, idan aka ce zaman lafiya ya ɓaci a bakin iyaka, abin da kowa ke fara tunawa shi ne soja. Soja kuwa aikinsa kashe gobara. Sanin abin da ya tayar da ita aikin mai bincike ne, kuma shi ne abin da muke so mu bayyana a wannan takarda. Za mu ɗauki misalinmu daga yankin Tafkin Chadi, inda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kan iyaka.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya janye, har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Masunci bai san layin da Bature ya ja a taswira ba, kifi ya sani. Saboda haka masuntan Nijeriya suka yi ta bin ruwa har suka kafa garuruwa irin su Darak a ƙasar da daga baya, a 2002, Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru. Inda ruwa ya bari kuma sai manomi ya shuka masara da wake, makiyayi ya zo da shanunsa ya tarar an nome burtali, an toshe hanyar mashaya. To, ka ga rigimar da aka kira ta ƙabilanci, asalinta ruwa ne da ƙasa. Wanda ya auna ruwan, ya bi burtalin da ƙafa, ya zauna da arɗo da bulama ya ji ta bakin kowa, shi ne zai iya faɗa wa hukuma inda gizo ke saƙa.

Wannan shi ne amfanin kafa jami'a kusa da inda matsala take. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, ta Marwa a arewacin Kamaru a 2008, ta Diffa kuma a 2014. Ta Maiduguri ta cancanci a jinjina mata, domin duk tsananin rikicin Boko Haram ba ta rufe ƙofa ba, in ban da na ɗan lokaci a 2011. A watan Janairun 2017 an tayar da bam a masallacin da ke cikinta, aka rasa wani farfesan likitancin dabbobi. A watan Yulin shekarar kuma aka kai wa malamanta masu binciken man fetur hari a wajejen Magumeri. Duk da haka aka ci gaba da karatu, ɗan Borno da ɗan Kudu, Musulmi da Kirista, suna zaune a benci ɗaya. Yaron da ya shekara huɗu yana cin tuwo da wanda ba yarensu ɗaya ba, da wuya a ruɗe shi da cewa maƙwabcinsa abokin gaba ne.

Dubi kuma abin da ya faru a Diffa. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, an hana hawa babur, an taƙaita fataucin tattasai da bandar kifi, don a toshe wa mahara hanyar samun kuɗi. Niyyar mai kyau ce. Amma tattasan bakin kogin Komadugu shi ne jarin talaka, kuma ɗan kabu-kabun da aka raba da babur ya koma zaman kashe wando, ga masu ɗaukar mayaƙa suna zawarcinsa. Irin wannan lissafi na riba da hasara ba a yin sa a barikin soja. Sai an sami wanda zai shiga kasuwa da gona ya tambaya, ya rubuta. Haka nan batun tubabbun 'yan Boko Haram da ake tsugunarwa a Gudumariya ta jihar Diffa da Malam Sidi ta jihar Gombe: ta yaya wanda aka kashe wa uba zai zauna gari ɗaya da su? Jami'ar Diffa ta tara masana da sarakuna da malaman addini a 2017 a kan wannan tambaya.

Sai dai akwai gyara, kuma ba za mu ɓoye ba. Yawancin binciken ana rubuta shi da Turanci ko Faransanci, a ajiye a ɗakin karatu, ƙura ta rufe shi. Malamin Maiduguri bai karanta na Marwa ba, shi kuma na Marwa bai ga na Maiduguri ba, alhali tafki ɗaya suke magana a kai. Mutanen da aka yi wa tambayoyi kuwa ba su sake jin ɗuriyar mai tambaya ba. Ya kamata kowane bincike ya koma garin da aka yi shi, a karanta wa jama'a da Kanuri ko Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, a ƙofar fada da gidan rediyo.

Kai kuma, malam, idan ɗalibi ya zo garinku da littafi da alƙalami, tambaye shi takardar shaidar makarantarsa, ka kai shi wurin mai gari. In ka gamsu, faɗa masa gaskiya: nawa ka noma bana, ina burtali ya bi a zamanin mahaifinka, wa ke karɓar kuɗi a kan hanyar kasuwa. Kada ka ƙara don neman tallafi, kada ka rage don tsoro. Kafin ya tafi kuma, ka nemi ya faɗa maka ranar da zai dawo da sakamako.