Shiga Kwamfutar Ofis Daga Nesa: Me Za a Duba Idan Ta Ƙi Amsawa?

Gabatarwa

A wannan ɗan darasi zan yi tsokaci kan matsalar ma'aikacin da ke gida a Potiskum, kwamfutarsa tana ofis a Damaturu, ya sake kunna ta daga nesa, shi ke nan ta ƙi amsawa, ga aiki ana jira. Manhajar Remote Desktop, wadda Windows XP Professional ta zo da ita a 2001, ba ta iya shiga kwamfutar da ba ta gama tashi ba.

Abubuwan Dubawa

1. Wuta: idan an ɗauke ta, kwamfuta tana nan a kashe. A saitin BIOS akwai zaɓin da ke tashe ta da zarar an dawo da wuta.

2. BitLocker: idan an sa mata lambar sirri, za ta tsaya jiran wanda zai buga lambar a gabanta.

3. Intanet: wani Wi-Fi ba ya haɗuwa sai mai kwamfutar ya shiga. Kebul ya fi tabbas.

4. Adireshin IP: yakan sauya bayan kunnawa. A nemi jami'in kwamfuta ya ba ta tsayayyen adireshi.

5. Ƙofa mai lamba 3389: a tabbatar katangar tsaro ba ta toshe ta ba. Amma kada a buɗe ta ga duniya, a bi ta VPN.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwa ɗalibai masu shirin kama aiki: a gyara waɗannan tun ana ofis, a kuma riƙe lambar wayar abokin aiki da zai iya danna maɓalli.