Numfashin Bakwaini: Abin da Ya Kamata Iyaye su Sani

Jama'a, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika sati 37 bakwaini ne, amma wanda ya zo kafin sati 32 shi ne abin ji, don huhunsa bai ƙosa ba. Numfashi aiki biyu ne: shaƙar iska mai kyau, da fitar da gurɓatacciyar da jiki ya gama da ita, wadda likitoci ke kira iskar kabon. Mutane sun fi sanin na farko, alhali kuwa na biyun ma in ya ɓaci yana kisa.

In iskar kabon ta taru a jinin bakwaini, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa, da ba su kai zaren ɗinki kauri ba, sai su cika da jini, har su kan fashe. In kuma ta yi ƙaranci, kamar yadda kan faru idan na'urar numfashi ta hura fiye da kima, sai jijiyoyin su tsuke, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake awon iskar kabon a jikin bakwaini. Wani lokaci a soki dunduniyar jariri a ɗebi ɗan jini, wani lokaci a manna masa ɗan faifai mai ɗumi a fata, ana sauya masa wuri kada ya ƙona shi.

Kayan awon nan suna da tsada, ba kowane gidan likita ke da su ba. Saboda haka in ungozoma a Konni, Malbaza ko Illela ta ce a wuce Galmi ko Tawa, a tashi nan take, kada a tsaya jiran mai gida ya dawo daga kasuwa. A ɗauki jaririn a ƙirjin uwa, fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978.

A gida kuwa, idon uwa shi ne ma'auni. Nishi, lotsawar haƙarƙari, leɓe ya yi shuɗi, ko numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 20, duk na likita ne. Kakanni, don Allah a daina lulluɓe fuskar jariri da zane, yana sake shaƙar abin da ya fitar ne. A kuma fid da garwashi da turaren wuta daga ɗakin mai jego.