SARAUTAR JARUMAI: TAKOBIN INGILA DA RAWANIN KABI

Duk wanda ya san Birnin Kebbi ya san Asibitin Sa Yahaya, wanda aka sa wa sunan Sarkin Gwandu Yahaya da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Haka kuma babu ɗalibin da bai taɓa jin sunan Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ko na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba. To, mene ne wannan "Sa" da ake sa wa gaban sunayensu? 'Yan aji ɗaya sukan yi raha su ce san noma ne. A gaskiya sarauta ce ta jarumai wadda sarakunan Ingila ke bayarwa. Nufina a nan in bayyana asalinta, sa'an nan in gwada ta da irin tamu ta ƙasar Kabi.

A zamanin da, sarkin Ingila yana da mayaƙan doki masu sa sulke, kamar dai baradenmu. Wanda ya nuna bajinta a fagen fama sai a kawo shi ya durƙusa gaban sarki, sarki ya taɓa kafaɗunsa biyu da takobi. Daga ranar nan ya zama "Sa". A shekarar 1348 Sarki Edwad na Uku ya kafa wata ƙungiya ta irin waɗannan jarumai mai suna Gata, wato maɗaurin safa, domin alamarsu wani ɗan maɗauri ne shuɗi da ake ɗaurawa ƙasan gwiwar hagu. Ban da sarki da yarimansa, cikakkun 'yan ƙungiyar ba su wuce 24. Sai wani ya rasu kafin wani ya shiga. A watan Yuni sukan taru a fadar Winsa, sanye da alkyabba shuɗiya da hula mai gashin jimina, su taka a jere zuwa majami'arsu. A can kowa yana da mazauninsa, an rataye tutarsa da takobi da kwalkwali a bisa. Ran da ya mutu a sauke su.

Wadda aka ba Sardauna a 1959 da Tafawa Ɓalewa a 1960 ta wata ƙungiya ce dabam, ta Daular Biritaniya, wadda Sarki Joji na Biyar ya kafa a 1917 don saka wa masu hidimar jama'a ko da ba su taɓa riƙe mashi ba. Ɗa ba ya gadon wannan sarauta. Bayan mun sami mulkin kai, Nijeriya ta yi dokar lambobin girma nata a 1964.

Yanzu mu dawo gida. Tun kafin Bature ya san hanyar gulbin Rima, Kabawa suna da hanyarsu ta girmama jarumi. Shi kansa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da takobi ya sami suna. Ya bi Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, yaƙin Agadas, aka sami saɓani wajen rabon ganima, sai ya ɓalle a wajen 1516, ya gina birnin Surame, wanda kufansa ke nan har yau. Daular ta tsaya kusan shekara 300, har 1805, lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Duk da haka Kabawa ba su miƙa wuya baki ɗaya ba. Sama'ila Karari ya yi ta ɗauki-ba-daɗi har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma ya sake ɗaga tutar Kabi a Argungu a 1849.

Ƙasar da ta sha yaƙi haka dole ta san darajar barde. Sarki yakan ba amintattun mayaƙansa doki da sulke da kwalkwali, ko kuwa lifidi, wato wata riga mai kauri da aka cusa wa auduga, wadda ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa huda su. Wanda ya fi fice a ba shi rawani. Daga nan ne ƙasar Hausa ta sami sarautu kamar Madawaki da Barde da Jarmai da Garkuwa da Sarkin Yaƙi. Kabawa kuma suna da nasu sunaye na gado, kamar Kunduda da Kokani. Da malamin tarihi ya kai ajinmu Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wato tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, na ga masu da takubba da kibau da tambura. Na tsaya ina tunanin hannuwan da suka riƙe su, domin wasunsu watakila ba su girme ni ba, ni mai shekara 16.

Ga yadda naɗin kan kasance. Sarki ya zauna, hakimai da fadawa sun kewaye shi. A shigo da mai karɓar sarauta ba takalmi, ya zauna a ƙasa. Dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi daga idon jama'a, a sa masa riga da alkyabba, wani gwanin naɗi ya naɗa masa rawani. Da an janye riguna sai ka ji guɗa ta tashi. Ya matso ya faɗi ya yi gaisuwa, fadawa su amsa da "Sarki ya gaishe ka!" A yi masa nasiha a kan riƙon amana, liman ya yi addu'a. Daga nan a ɗora shi bisa doki, masu algaita da maroƙa su raka shi gida, dangi suna sukuwa suna jinjina.

In mun lura, al'adun nan biyu sun yi kama ta hanyoyi uku. Na farko, duka daga fagen yaƙi suka fito. Na biyu, sai mutum ya sunkuyar da kai kafin a ɗaukaka shi. Na uku, abin da sarki ya bayar yana iya karɓewa: a nan a tuɓe rawani, a can a soke suna daga littafi.

Yaƙi dai ya ƙare. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka tarbe shi da bikin kamun kifi, wanda ya zama shaidar zumunci tsakanin mutanen da suka daɗe suna gaba. Tun daga zamanin nan rawanin Barde ya koma kan malamai da likitoci da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Wannan ba laifi ba ne, muddin aiki aka duba. Abin tsoro shi ne a wayi gari ana auna mutum da nauyin aljihunsa, yara su taso suna zaton rawani saye ake yi kamar atamfa a kasuwa. In haka ta faru, sunan Garkuwa zai rage, amma ba wanda zai kare talaka.

Saboda haka nake roƙon iyayenmu su riƙa gaya mana ma'anar kowace sarauta da aikin da mai ita ya yi. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, fagen famanmu shi ne aji, alƙalami shi ne mashinmu. Masu iya magana sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Allah Ya ja zamanin sarakunanmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.