Kyanwar Ɗaka da Sha'anin Bayan Gidanta

Tun da jama'a suka fara barin gidajen ƙasa masu yalwar tsakar gida suna komawa benaye da ɗakuna masu daɓen tayil, kyanwa, wadda a dā takan zagaya bayan ɗaki ta tona rairayi ta biya bukatarta ta binne ba wanda ya sani, sai ta wayi gari ba ta da makewayi illa daron yashin da aka ajiye mata. Daga nan ne wani ƙorafi da ake yawan kawo wa likitocin dabbobi ya samo asali, wato mage ta ƙaurace wa daronta, ta koma yi a kan katifa ko darduma, wani lokaci har a kan sallaya. Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne ga mai ibada, domin malaman fiƙihun Malikiyya, duk da sun tabbatar da tsarkin jikin kyanwa, sun lissafa fitsarinta da kashinta cikin najasa.

Abin da ya wajaba mai gida ya fara cirewa daga zuciyarsa shi ne zaton cewa ƙeta ce ko ramuwar gayya. Binne bayan gida ɗabi'a ce da Allah ya halicci wannan dabba a kanta, ta gado ta daga kyanwar daji ta Afirka, saboda haka ba za ta bar ta ba sai da dalili, ko rashin lafiya, ko aibi a daron, ko tsoro. Duka da tsawa da goga mata hanci a ƙazantar ba sa koya mata komai sai gudun mai ita da neman lungu mafi ɓuya. Balle kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ya isa tunatarwa cewa wanda ya kulle dabba a ɗaka ya ɗauki haƙƙinta a wuyansa.

A fara da binciken lafiya, domin a nan ne rai yake. Kumburin mafitsara da tsakuwar da kan taru a cikinta suna sa fitsari ya zama azaba, har kyanwa ta alaƙanta zafin da daron ta ƙi shi. Ciwon ƙoda da ciwon suga suna yawaita fitsarin, tsohuwar mage kuma mai amosanin gaɓɓai takan kasa tsallake bakin daro mai tsawo. Amma mafi hatsari duka shi ne toshewar hanyar fitsari ga muzuru, wanda tasa hanyar ta fi ta mace ƙunci. Idan aka gan shi yana yawan tsugunawa yana nishi ko kuka, yana lasar gabansa, ba abin da ke fita sai ɗigo ko jini, to kada a kwana ba a kai shi asibitin dabbobi ba, gama wannan cuta tana iya halaka shi cikin kwana 2 ko 3. Ina kuma gargaɗi da babbar murya: kada a ba shi farasitamol da nufin tausayi, domin ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kyanwa.

In likita ya tabbatar lafiya ƙalau take, sai a juya ga daron, inda galibi laifin yake. Ya kamata tsawonsa ya kai tsawon jikinta ɗaya da rabi, ta samu sararin juyawa da tono, zurfin yashin kuma kamar santimita 5. Ƙa'idar masana ita ce kowace kyanwa da nata daron sannan a ƙara ɗaya, a rarraba su wurare dabam-dabam, don kada mai ƙarfi ta tare wa mai rauni hanya. A zaɓi wuri mai natsuwa, nesa da kwanon abincinta da ruwanta, nesa da ƙarar janareta da guje-gujen yara. Yashin kanti na yumɓu, wanda wani Ba'amurke mai suna Edward Lowe ya fara sayarwa a 1947, yana da kyau ga mai hali, muddin ba mai turare ba ne, don ƙamshin da ke faranta mana rai yana damun hancinta. Wanda ba shi da hali kuwa, rairayi mai laushi, busasshe, tankaɗaɗɗe ya wadatar, sai dai a yawaita sauya shi. A kwashe ƙazantar kullum, a zubar da yashin a wanke daron da ruwan zafi da sabulu duk mako. Mu ma ai ba mai son shiga makewayin da ba a wanke ba. A guji magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu komawa fari idan an zuba su a ruwa, domin guba ne gare ta.

Akwai wani nau'i dabam da ake kuskuren haɗa shi da wannan, shi ne feshi: dabbar tana tsaye, wutsiya a miƙe tana kaɗawa, ta watsa fitsari kaɗan a jikin bango ko ƙofa. Wannan shata iyaka ce, ya fi yawa ga muzurun da ba a fiɗiye ba, ko lokacin da baƙuwar mage ta shigo, kuma fiɗiya a hannun likita tana rage shi ƙwarai. Duk inda aka ɓata a wanke shi sarai har wari ya gushe, in ba haka ba za ta komo.

Saura magana ɗaya ga masu juna biyu. Kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tokzoplasma mai lahani ga ɗan tayi, amma ba ta zama mai harbi sai ta kwana 1 zuwa 5 a waje, abin da ke ƙara nuna fa'idar kwashewa kullum. Don haka ba sai an kori mage daga gida ba; maigida ko wani babba ya karɓi aikin daron har a sauka lafiya, in kuwa ba makawa sai mai juna biyun ta yi, ta sa safar hannu, ta wanke hannunta da sabulu bayan ta gama.